Naira mai lamba DZ: Takardun kuɗin da ke ɓacewa a hannun mutanen Maiduguri

Idan aka miƙa wa ɗan kasuwa takardar kuɗi a Kasuwar Monday da ke Maiduguri, abu biyu yake dubawa: ta gaske ce ko jabu, lafiyayya ce ko yagaggiya. Da wuya ya tsaya karanta haruffan da ke gaban lambarta. Amma a wurin masu tara tsofaffin kuɗi, waɗannan haruffa su ne kan magana, musamman idan suka ga DZ.

Labarin yana farawa ne daga maɗaba'a. Kamfanin buga kuɗi na Najeriya, wanda aka kafa a 1963 da haɗin gwiwar De La Rue na Ingila, yana buga takardu da yawa a kan falle guda, kowace da lambarta a jere. Idan masu tantancewa suka ga wata ta ɓaci, ko tawada ta zuba ko yanka ya karkace, sai a zare ta a lalata. Tun da dole bandir ya cika ɗari, kuma sake buga lambar da aka rasa ɓata lokaci ne da kuɗi, sai a ɗauko wata daga tarin da aka tanada musamman domin cike gurbi. Ita ce takardar maye gurbi. A jerin takardun naira da dama, alamarta DZ ce. Amurka tauraro take sa wa tata tun 1910, Indiya ma ta bi sahu a 2006. A kasuwa darajarta ɗaya da sauran, sai dai ba a buga ta da yawa, domin iyakarta adadin kurakuran da aka yi.

Borno ta daɗe da sanin cewa kuɗi na zuwa ya wuce. An yi ciniki da gabaga, wato ƙyallayen saƙi, an yi da dalar azurfa ta Maria Theresa wadda har kullum shekarar 1780 ce a jikinta, sannan wuri ya samu karɓuwa a zamanin Shehu Umar, tsakiyar ƙarni na 19. Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, bayan shekara biyar kuma Turawa suka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda fam da sulenta suka game Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Sai ranar 1 ga Yuli, 1959 Babban Bankin Najeriya ya fitar da takardunsa na farko, naira kuma ta gaji fam ranar 1 ga Janairu, 1973, a kan fam ɗaya naira biyu.

Tsufa kaɗai ba ya sa takarda ta yi wuyar samu. Fam ɗin Biyafara na 1969 ya haura shekara hamsin, amma da yake an bar shi jibge bayan yaƙi, har yau ana samunsa da araha. Abin da masu tarawa ke aunawa shi ne nawa aka buga, nawa kuma suka tsira.

Babban mai cinye takardu shi ne canjin kuɗi. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta sauya takardun fam domin ta kashe darajar waɗanda ke hannun 'yan Biyafara. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba jama'a kwanaki kaɗan su kai tsofaffin banki. Jihar da ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru ta ji wannan a jika, domin fatake da masu shanu da yawa kuɗinsu na tsallake. Wanda ya samu dama ya mayar, banki ya lalata. Wanda ya makara ya zubar cikin takaici. Kaɗan ne suka saura a ƙasan adaka.

Sa hannun gwamnan Babban Banki ma abin lura ne, kuma a nan yankin yana da rabo. Aliyu Mai-Bornu, haifaffen Yola ɗan asalin Kanuri, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci bankin, daga 1963 zuwa 1967, kuma hotonsa ne tare da na Clement Isong a jikin naira dubu tun 2005. Adamu Ciroma, ɗan Potiskum ta tsohuwar Jihar Borno, ya riƙe kujerar daga 1975 zuwa 1977, a zamaninsa ne kuma aka fitar da naira ashirin mai hoton Murtala, ranar 11 ga Fabrairu, 1977. Abdulkadir Ahmed kuwa ya daɗe a kanta, daga 1982 zuwa 1993. Gwamnan da bai daɗe ba, takardun da ya sa wa hannu sukan fi ƙaranci, idan kuma aka dace da ta maye gurbi a cikinsu, an haɗa ƙaranci biyu ke nan.

Sauran abubuwan dubawa sun haɗa da rubutun ajami, wanda aka cire daga ƙananan takardu a 2007, sannan daga naira ɗari ta tunawa da cika shekara ɗari da haɗe Najeriya a 2014. Hatta sefar da ke shigowa ta Gamboru da Banki tana ɗauke da harafin ƙasa: H na Nijar ne, a jerin Afirka ta Tsakiya na 2002 kuwa U na Kamaru, C na Chadi.

Sai lafiyar takardar. Sabuwa fil da ba a taɓa naɗe ta ba tana iya ninka kuɗin wadda ta sha hannu sau da yawa, kuma a nan ne al'adar cusa kuɗi a lalita da dunƙule su a aljihu ke yin ɓarna. Liƙi a wurin biki ma haka, ga shi dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta shi, kamar yadda ta haramta tallar naira, da hukuncin aƙalla wata shida a kurkuku ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 sun nuna wa mutanen Maiduguri yadda takarda ke salwanta a dare ɗaya.

Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja tun 2009, amma yaron Gwange ko Bulumkutu ba zai je can ya ga fam ɗin da kakansa ya biya sadaki da shi ba. Don haka wanda ya gaji tsohuwar takarda kada ya wanke ta, kada ya goge ta da dutsen guga, kada ya manna mata salatif. Ya shimfiɗa ta cikin leda mai tsabta, nesa da danshi da gara, ya rubuta daga hannun wa ta fito. Jami'ar Maiduguri da hukumomin adana kayan tarihi na jihar kuwa, ya kamata su buɗe ƙofa su karɓi irin wannan ajiya tun masu ita suna raye.