Aljanu Ma Suna Cin Kasuwa

Ina yaro na yi zaman shagon kawuna a Kantin Kwari. Wani yammaci aka ƙirga ciniki, kuɗin turmi biyu na atamfa suka yi ɓatan dabo. Kowa ya zuba mini ido. Kawu ya nisa, ya ce, "Mutanen ɓoye ne, ku ƙyale yaro." Washegari ya jefa barkono cikin akwatin kuɗi.

Wannan zance ya girmi kasuwar nesa ba kusa ba. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, da kurmin Jakara da ake tsoro. A gefen kurmin nan Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Itatuwa suka ƙare, amma a bakin jama'a iskokin ba su tashi ba, ciniki suka koya. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, Kwarori suka buɗe kantuna a Fagge, labarin ya biyo atamfa.

Turawa ma suna da nasu. A yankin Cornwall na Ingila, Robert Hunt ya tattara labaran piski a 1865, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu tsokana da ke sa matafiyi makuwa a daji, sai ya juya rigarsa baibai su sake shi. Nasu sun koma littafi. Namu kuwa har shari'a sun raba, domin da kalma ɗaya kawu ya cire ni daga zargin sata.

Har ya rasu ban tambaye shi wanda yake zato ba.