Yadda ake sarrafa danƙon silikon ba tare da ya daskare a cikin inji ba

Danƙon silikon da ake toshe kafofin tagogi da banɗakuna da shi, ake kuma riƙe gilasan dogayen gine-gine, yana da wata ɗabi'a: da zarar ya haɗu da danshin iska sai ya fara daskarewa ya koma roba. Wannan ɗabi'a ita ce amfaninsa, ita ce kuma babbar matsalar masu sarrafa shi, domin danshi kaɗan ya isa ya lalata haɗin tun yana masana'anta.

Me ake haɗawa?

Tushen haɗin shi ne ruwan silikon mai kauri. Ana ƙara masa garin alli ko garin silika domin ya yi jiki, sannan sinadarai masu sa shi daskarewa. Wani nau'in yakan fitar da wari irin na ruwan khal yayin da yake kamawa. A yanayin ɗaki, kaurin milimita 2 zuwa 3 ne ke daskarewa a kwana guda, daga waje zuwa ciki.

Injin cuɗawa

A da, ana cuɗa kayan ne a manyan tukwane, rukuni bayan rukuni, kuma har yau wasu masana'antu na yin haka. Inda ake son aiki ba tsayawa kuwa, ana amfani da inji mai murɗaɗɗun sanduna biyu, kwatankwacin na injin niƙa nama, waɗanda ke juyawa ɓangare guda a cikin rufaffen bututu. Kamfanin Werner & Pfleiderer na birnin Stuttgart a Jamus, wanda yanzu ake kira Coperion, ya fitar da samfurinsa na farko mai suna ZSK a shekarar 1957. Sandunan na share jikin juna, don haka danƙo ba ya maƙalewa har ya daskare. A kan hanya kuma ana zuƙe iska da danshi daga haɗin.

Ma'aunin zubawa

Kowane kaya yana da mazubinsa da ke zaune a kan sikeli. Kwamfuta na lura da yadda nauyi ke raguwa, tana ƙara ko rage gudun zubawa. Garin silika ne ya fi wahalar aunawa, domin lita guda tasa ba ta wuce kimanin giram 50 ba, yana kuma tashi kamar ƙura. Sinadaran daskarewa kuwa famfo ne ke tura su.

Idan awo ya karkace, danƙon na iya ƙin kamawa, ko ya daskare a cikin mazubinsa kafin ya isa kasuwa. Shi ya sa ake ɗura shi kai-tsaye cikin bututun roba, galibi mai mililita 310 a Turai, a rufe shi nan take.