Daga Idon Maƙeri zuwa Tsinken Lantarki: Tarihin Awon Dutse



Duk wanda ya fito daga ƙasar Gaya da Ajingi ya san labarin Abagayawa, watau maƙeran da aka ce sun taso daga Gaya neman tama, har suka zauna a gindin Dutsen Dala. Masu binciken kufai sun nuna cewa an narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. To, da me waɗannan mutane suke gane dutse mai albarka? Da ido, da nauyinsa a tafin hannu, sa'an nan wuta ta yanke hukunci.

Amma fa akwai abin da ido da wuta ba su iya faɗa. Ga misali sinadarin boron, wanda aka fara ware shi a Faransa da Ingila a shekarar 1808. Yana cikin tomalin, dutsen adon da ake haƙa a wajejen Keffi, kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinsa.

A shekarar 1951 wani Bafaranshe, Raymond Castaing, ya bayyana na'urar da ya ƙera, wadda take harba wa dutse siririn tsinken lantarki. Inda tsinken ya sauka, kowane sinadari sai ya fitar da irin haskensa na eksire, a auna ƙarfin hasken, a gwada shi da na wani dutsen da aka riga aka san abin da ke cikinsa. Ƙarfe bai ba da wahala ba. Boron kuwa, da yake shi ne na 5 a jerin sinadarai, haskensa rarrauna ne ƙwarai, dutsen kansa yakan shanye yawancinsa kafin ya fito. Sai a shekarun 1980, da aka ƙera sababbin madubai masu hawa-hawa na tsince hasken, awonsa ya fara samun inganci.

Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasar nan an kafa ta tun 1919. Duk da haka, har wa yau mai haƙa yakan sayar da dutsensa bisa ganin ido, mai saye ya tafi da shi inda ake awo. Abagayawa su ne masu haƙa, su ne masu gwaji, shi ya sa ba wanda ya yanka musu farashi. Ɗalibai, wannan gādon ne ya kamata ku karɓo mana.