Daga Sansanonin Gini zuwa Jangebe: Wa ke Riƙe da Amanar Yaro?

A daren 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka tasa ɗalibai zuwa daji. Ranar 2 ga Maris aka karɓi 279 a gidan gwamnati da ke Gusau. Bayan wata shida aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Daga Tsafe har Bungudu, abin da ya tsaya wa iyaye a rai shi ne: idan yaro ya bar gida, amanarsa na wuyan wa?

Wannan tambaya ta girmi Jangebe. A 2002, wani bincike na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ya bankaɗo zargin cewa wasu ma'aikatan agaji a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo na lalata da yara kafin su ba su abinci ko tanti. Mai gadin rumbu ne ya zama ɓera. Wannan abin kunya ya ƙarfafa ƙa'idojin da ƙungiyoyi ke koyarwa a yau: binciken halin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, rubutacciyar dokar mu'amala da yara, jami'i sananne mai karɓar ƙorafi, da horo a kai a kai.

Najeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, amma sai kowace jiha ta amince kafin ta yi aiki a cikinta. Zamfara ta samu tata dokar kare yara a 2022. Sace 'yan matan Chibok a 2014 ya haifar da shirin tsare makarantu, hankali ya karkata ga katanga da jami'an tsaro. Sai a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yara a cikinsu, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. A can ƙofa a kulle take, kuma cutar daga ciki ta fito.

Katanga na bukatar kasafin gwamnati. Sauran matakan kuwa suna hannun shugaban makaranta, na boko ko na allo, tun daga yau: ya san tarihin wanda ya ɗauka aiki, ya hana babba keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, ya koya wa malamai gane alamun cin zarafi, ya kuma tabbatar kowane ɗalibi ya san wanda zai kai wa kuka ba tare da fargabar bulala ba.