Kujerar Tasker: raba kujerun majalisa a Jamus da Nijar

1. Gabatarwa

Duk ƙasar da ke zaɓen ƴan majalisa tana fuskantar tambaya guda: ƙabilar da ba ta da yawa, ta ƙaƙa za ta samu wakili? A wannan ɗan rubutu za mu kwatanta amsar Jamus da wadda Nijar ta bayar a 1993, tare da misalin ƙasar Gure.

2. Tsarin Jamus

Tun 1953 mai zaɓe a Jamus ƙuri'a biyu yake jefawa. Da ta farko yana zaɓen mutum guda a mazaɓarsa (mazaɓun yanzu 299 ne). Ta biyu jam'iyya yake ba, kuma ita ce ke ƙayyade rabon kujeru. Jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba ba ta shiga rabo, sai in ta ci mazaɓa uku. An gitta wannan shinge ne don gudun tarwatsewar majalisa irin ta zamanin Weimar. To amma doka ta ɗauke shi ga jam'iyyun ƙananan ƙabilu. Ta haka SSW, jam'iyyar ƴan asalin Danmak da Firisawa, ta samu kujera ɗaya a 2021, ta kuma riƙe ta a 2025.

3. Tsarin Nijar

Bayan Taron ƙasa na 1991, an zaɓi majalisar Jamhuriya ta uku a Fabrairun 1993. Kujeru 83 ne. An raba 75 gwargwadon ƙuri'un jam'iyyu a jahohi bakwai da Yamai. Sauran 8 an ware su ga mazaɓu na musamman, inda wanda ya fi ƙuri'a ke ɗauka. Cikinsu akwai Bilma, Bermo, Tasara da Tasker. Tasker a lokacin tana cikin gundumar Gure, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Dalilin ware ta a fili yake: in an zuba ƙuri'un Tubawa makiyaya cikin na jahar Damagaram baki ɗaya, na Hausawa da Barebari za su shanye su.

Majalisar ta ƙaru zuwa kujeru 113 a 2004, sannan 171 a 2016, amma mazaɓun musamman suka tsaya a 8 har juyin mulkin 2023 ya rushe ta.

4. Kammalawa

Jamus jam'iyya ta kare, Nijar kuwa yanki ta kare. Mai goyon bayan SSW, ko'ina yake a jahar Schleswig-Holstein, ƙuri'arsa tana isa ga jam'iyyarsa. Batube kuwa, in fari ko fatauci ya zaunar da shi garin Gure ya yi rajista can, ya fita daga inuwar kujerar Tasker, alhali harshensa bai sake ba. Ga al'ummar da rayuwarta tafiya ce, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Ya kamata masu rubuta dokar zaɓe ta gaba su dube shi.