Motar Wa Ya Hau? Tsaro da Amanar Aiki ga Ɗan Jaridar Talabijin a Gwarzo da Kabo

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda fargaba da ƙarancin kayan aiki ke shafar rahoton talabijin daga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. An dogara da abubuwan da suka faru a bainar jama'a da kuma ƙa'idojin aikin jarida. Matsayarta ita ce wanda ya kai wakili wurin labari, ya kuma ba shi kariya, shi ke riƙe da akalar kyamara.

Gabatarwa

Ɗan rediyo na iya haɗa rahoto ta waya. Mai ɗaukar hoto kuwa dole ya je da ƙafarsa, kyamara a kafaɗa, kowa na ganinsa. A haka aka harbe Enenche Akogwu na tashar Channels ranar 20 ga Janairun 2012, yana bakin aiki lokacin hare-haren Boko Haram a birnin Kano. Wannan a cikin birni ke nan, inda tashoshin ARTV da NTA ke da mazauni. Gwarzo kuwa tana kan iyaka da Jihar Katsina, kuma hare-haren 'yan bindiga na 2025 a ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa sun matso da fargabar kusa da gida.

Mota da kuɗin mota

Wakilin da aka tura garuruwan yankin kamar Getso ko Garo ba tare da motar ofis ba, ayarin wani yake bi: ɗan siyasa, shugaban ƙaramar hukuma ko jami'an tsaro. Yankin kuwa na manyan 'yan siyasa ne. Daga Gwarzo aka samu mataimakan gwamna a 2007 da 2023. Inda ayari ya tsaya nan ake kafa kyamara, a ɗauki yanke ƙyalle da tafi. Asibitin da rufinsa ke yoyo yana can bayan kasuwa, ayari bai bi ta nan ba. In an tashi kuma a miƙo ambulan, a ce kuɗin mota ne. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓa, kuma da gaskiyarsu. Sai dai a ganina zaluntar wakili ne a ɗora masa laifin shi kaɗai, alhali tashar da ta aike shi ba ta ba shi ko na mai ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Fuskar mai magana

A ƙauye kowa ya san kowa. Manomin da ya faɗa wa kyamara ta inda maharan suka shigo, shi zai kwana a garin bayan wakili ya koma Kano, bidiyon kuma na yawo a WhatsApp. Rufe fuska bai isa ba, domin murya da zanen riga da bishiyar ƙofar gida duk suna tona asiri. Ga kuma tsoron hukuma: a Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirinta game da 'yan bindiga. Editan da ya ga haka zai yi ta yanke rahoto, wakilin da ya sai da rai ya ɗauko shi kuwa ya koma gida da hoton gawarwaki a ransa, gobe da asuba a sake tura shi wani aikin ba tare da an tambaye shi yadda ya kwana ba.