Beyar da Guzurin Matafiya a Gandun Dajin Amurka

Duk wanda zai kwana cikin dajin Yosemite na jihar Kaliforniya a yau, doka ta wajabta masa ya zuba guzurinsa cikin wani gwangwanin roba mai tauri da murfi mai kulle, ya haɗa har da sabulu da man goge baki, ya ajiye shi nesa da tantinsa. Baƙo zai ɗauka an yi dokar ne don kare abincinsa daga beyar, babbar dabbar nan mai gashi da ƙarfin hanci. Tarihi ya nuna cewa dabbar ce ta fi cin moriyarta, domin mutane ne suka shafe shekaru da dama suna koya mata ɗanɗanon abincinsu, sannan suka riƙa harbe ta saboda darasin da ta haddace. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

An kafa gandun dajin Yellowstone a 1872, kuma tun da aka gina otal-otal a cikinsa aka riƙa zubar da ragowar abinci a juji. Beyar ta gano jujin, masu yawon buɗe ido suka gano beyar, hukuma kuma ta ga abin ya samu karɓuwa, sai ta jera bencina don jama'a su zauna da yamma suna kallon dabbobin suna wawar shara. A bakin titi kuwa mutane na miƙo burodi ta tagar mota. An daina wasan jujin a farkon shekarun 1940, amma jujin kansa ya ci gaba da zama a buɗe. Daga 1931 zuwa 1969, a matsakaicin lissafi mutum 48 beyar ke raunatawa duk shekara a Yellowstone kaɗai, kuma akasarinsu sun je kusa da ita ne da abinci a hannu.

Abin da ya girgiza ƙasar ya faru ne a daren 13 ga Agusta, 1967, a gandun dajin Glacier na jihar Montana, inda beyar biyu nau'in girizili suka kashe 'yan mata biyu a wurare daban-daban. Bincike ya nuna dabbobin yankin sun saba da sharar mutane. A 1970 Yellowstone ta fito da sabon tsari: aka rufe juji, aka hana ciyarwa, aka kawo kwandunan shara masu murfin ƙarfe. Nan ne masu sukar tsarin ke da hujja mai nauyi. Masana biyu 'yan'uwan juna, John da Frank Craighead, waɗanda suka fara nazarin girizili a wurin tun 1959, sun ba da shawarar a janye jujin sannu a hankali. Amma aka rufe shi da gaggawa, dabbobi masu yunwa suka afka sansanonin baƙi, aka kashe da yawa, har a 1975 aka sa girizili cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. An yi asara, babu musu. Sai dai waɗanda suka mutu su ne waɗanda suka tashi a kan shara, 'ya'yan da aka haifa daga baya kuwa sun koma kiwon daji, raunata mutane ya ragu ƙwarai, yawan girizili kuma ya farfaɗo. Gardamar ta tsaya kan saurin rufewa ne, tushen cutar kuwa kowa ya yarda abincin mutane ne.

Masu shiga lungun daji da jaka a baya, inda babu kwandon ƙarfe, sun daɗe suna dogaro da rataya. Mutum zai raba guzurinsa jaka biyu masu nauyi ɗaya, ya jefa igiya kan reshe mai tsawo, ya bar su suna lilo nesa da ƙasa, nesa da gangar itace. Baƙar beyar ta tsaunukan Sierra Nevada ta warware wannan dabara. Takan tauna igiya, ko ta karya reshen, ko ƴaƴanta marasa nauyi su hau inda ita ba za ta iya ba. A 1998 Yosemite ta lissafa ɓarnar beyar sama da 1,500 cikin shekara guda, ciki har da motocin da aka ɓalle wa ƙofa. Gwangwanin da aka fara ƙerawa a farkon shekarun 1980 ya yi nasara ne saboda ba ya ɓoye komai: dabbar tana jin ƙamshi, tana gara shi, amma faɗinsa ya fi ƙarfin muƙamuƙinta, santsinsa kuma ya hana farce kamawa. Kafin a amince da sabon samfur, akan cika shi da abinci a miƙa wa girizili na gaske a garin West Yellowstone, ya jure sa'a guda a hannunsu.

Matafiya na kukan cewa gwangwanin yana da nauyi fiye da kilo guda, yana cin kuɗi, yana cinye wuri a jaka, kuma ba ya hana komai ɗari bisa ɗari, tunda an samu wata beyar a tsaunukan Adirondack na jihar New York, mai laƙabin Yellow-Yellow, da ta iya buɗe murfin wani samfur. Duk gaskiya ne. Amma matafiyin da ya yi sakaci abincin kwana biyu kawai ya rasa, gobe ya koma gida. Dabbar da ta ci ribar sakacinsa za ta nemi tanti na gaba, ta koya wa ƴaƴanta, ƙarshenta ma'aikacin gandu ya zo da bindiga. Idan aka ɗora waɗannan asarori biyu a sikeli, kilo guda a bayan mai lafiya farashi ne mai sauƙi, kuma haƙƙi ne a kan duk wanda ya zaɓi ya kwana a gidan dabbar.